Kirke a Bakin Homa da a Alƙalamin Madeline Miller

A shekarar 2018 wata Ba'amurkiya, Madeline Miller, wadda ta koyar da Latin da Helenanci, ta fitar da littafin ƙagaggen labari mai suna Circe. Ya hau kan gaba a jerin littattafan da aka fi saye na jaridar New York Times, aka kuma sa shi cikin shida na ƙarshe a gasar Women's Prize ta 2019. Yabo ya yi yawa. Amma wanda ya san tsohon labarin, in ya kai shafi na ƙarshe, zai ga an rage masa wani abu.

Kirke, kamar yadda Helenawa suke kiranta, ta bayyana ne a kashi na 10 na Odisi, waƙar da ake dangantawa da Homa, wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu. 'Yar Heliyos ce, allahn rana a wurinsu, tana zaune a tsibirin Ayaya. Mutum 22 daga cikin jama'ar Odisiyus suka iske gidanta kewaye da zakuna da kyarketai masu kaɗa wutsiya, ita kuwa tana saƙa tana waƙa. Ta ba su cuku da zuma da ruwan inabi haɗe da magani, ta buge su da sanda, suka zama aladu, hankalinsu kuwa yana nan na mutane. Homa bai faɗi dalilinta ba ko kaɗan. Abin tsoron ke nan, gama haka Helenawa suka ɗauki allolinsu: suna yin abin da suka ga dama, ba mai tambayarsu.

Ƙarshen labarin daga Afirka ya fito. Ana danganta waƙar Telegoniya da Yugamon, mutumin Kurane a Libiya ta yau, a ƙarni na 6 kafin haihuwar Almasihu. Waƙar ta ɓace, sai taƙaitawarta. A cikinta Telegonus, ɗan da Kirke ta haifa wa Odisiyus, ya kashe ubansa bai san shi ba. Sa'an nan Kirke ta mai da shi da Fenelofi da Telemakus marasa mutuwa, ta auri Telemakus, ɗanta kuma ya auri Fenelofi.

Miller ta san dukan waɗannan, harshenta kuwa yana da daɗi. Matsalar ita ce ba ta bar kome a rufe ba. Kirke tata yarinya ce da aka rena a gidan ubanta, 'yan'uwa suna yi wa muryarta ba'a. Aladun ma an ba su dalili: wani matuƙin jirgi ne ya yi mata fyaɗe, daga nan ta fara ramuwa. Mai karatu zai tausaya mata, amma ba zai ƙara jin tsoronta ba. Tunaninta da damuwarta na macen Amurka ne ta wannan zamani, sai dai an sa mata tufafin dā.

A babi na ƙarshe ma an juya Telegoniya. Wadda ta raba wa mutane rashin mutuwa, a nan ita ce ta ɗaga ƙoƙon magani zuwa bakinta domin ta zama mutum, ta tsufa tare da Telemakus, ta mutu.