Daga taƙama zuwa zamiya: yadda mahayan dā ke tafiyar da doki

Jama'a masu bin shirinmu, makiyaya da 'yan kasuwar bakin iyaka, yau batun doki za mu yi. In ana hirar dawakin dā, sukuwa kowa ke fara kawowa. To amma sukuwar nan ta nisan ina ce? Doki lafiyayye, in ka sakar masa linzami gaba ɗaya, kilomita biyu ko uku zai yi ya fara haki. Tsakanin Maradi da Katsina kuwa kusan kilomita 90 ne, kuma a zamanin Sarki Ɗan Baskore, tsakiyar ƙarni na 19, mahayan Maradi sun sha keta dajin nan su kai hari su komo gida. Ka ga ke nan ba da sukuwa suka ci wannan nisa ba.

Yawancin hanyar da tafiya ake cinye ta, doki na sauke ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya. In ana son ƙarin sauri sai sassarfa, inda ƙafar gaba ta dama ke sauka tare da ta baya ta hagu. Tana rage hanya, amma tana jijjiga mahayi har ƙugu ya yi tsami. Shi ya sa manya suka fi son taƙama. A nan ƙafafun gefe guda ne ke tafiya kusan tare, dama da dama, hagu da hagu, mutum na zaune daram rawaninsa ko motsi. Wani dokin da ita aka haife shi, wani kuwa koya masa ake yi, a ɗaure ƙafar gaba da ta baya na gefe guda da igiya har ya saba. Sukuwa sai an hango gari ake sakinta. Kuma kai da ka san korar shanu, ka san wanda ya kwaso garke dole ya komo da tafiyar garken. In ya riga ya ƙarar da dokinsa wajen zuwa, masu bin sawu za su cim masa tun bai kai rabin hanya ba.

Akwai ma mahayan da sukuwa ba tasu ba ce sam. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wajen shekarar 1400, shi ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Lifidi auduga ce aka cusa aka ɗinke, ta rufe doki da mahayinsa don kada kibiya ta ratsa. A 1826 Baturen Ingila Kilafatan ya ga 'yan lifidan Sarkin Musulmi Bello a yaƙin Konya, birnin Gobirawa na lokacin, ya ce sai da taimakon mutum biyu mahayi ke iya hawa. Dokin da ke ɗauke da wannan kaya cikin rana, a hankali yake matsawa, 'yan baka na fakewa a bayansa.

Gwanintar da ta fi wuya ita ce sauyawa. Daga tsaye a zabura, daga tsakiyar sukuwa a ƙame wuri ɗaya. A watan Fabrairun 1823, da Kilafatan da abokan tafiyarsa suka iso Kukawa, dawakin Shehun Barno sun taso musu a sukwane kamar za su tattake su, sai da suka zo dab da su suka ja linzami. Wannan ita ce zamiya: doki ya tattara ƙafafun baya ƙarƙashin cikinsa ya darje ƙasa, mahayi ya kwantar da nauyinsa baya. Ita kake gani a jahi ranar hawan Sallah. A fagen fama kuwa amfaninta ka iso, ka jefa mashi, ka juya kafin a rama. Kayan aikin biyu ne: likkafa mai faɗi da kaifin gefe wadda ke aikin ƙaimi, da linzami mai zobe da ke matse haɓar doki. Linzamin nan mugu ne, kada a ɓoye. A hannun gwani taɓawa kaɗan ta isa; a hannun ɗan koyo jini za ka gani a bakin dabba, kuma dokin da bakinsa ya mutu ba ya ƙara jin ja. In za ka sayi doki a kasuwa, buɗe bakin ka duba kafin ka tambayi ko yana gudu.

Bindiga mai saurin ɗuri ce ta karya wannan lissafi. A ƙarshen Fabrairun 1903, kusa da Kwatarkwashi, dawakin Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka gamu da sojan Ingila da ba su kai 50 ba, sun yi sahu kusurwa huɗu. Sau da yawa Kanawa suna zabura, suna juyawa, suna sake tarowa. Da kibiya ce, 'yan takun ƙarshen nan kaɗai ke da haɗari, sukuwa kuma ta ishe ka ka ratsa su. Harsashi kuwa tun daga nesa yake samun doki, tun yana cikin sassarfa. A wurin Waziri Ahmadu ya faɗi.