Yadda Ƙididdigar Masu Kallo Ta Sauya Daren Asabar a Talabijin na Amurka

Jadawalin shirye-shiryen ƙarshen mako a Amurka ya ginu ne a kan kuɗin talla, farashin talla kuwa yana bin yawan masu kallo. Kamfanin da Arthur Nielsen ya kafa a birnin Shikago a 1923 shi ne ya zama alƙalin wannan fage. A 1936 ya mallaki na'urar Audimeter, wadda ake haɗawa da rediyo don ta riƙa lura da tashar da aka kama, sannan a 1950 ya fara auna talabijin. A lokacin ana zaɓar gidaje kaɗan ne su wakilci ƙasa baki ɗaya. Wasu a saka musu na'ura, wasu a ba su littafi su riƙa rubuta abin da suka kalla.

A shekarun farko, Asabar da Lahadi su ne dararen iyali, domin akwatin talabijin ɗaya ne a gida, kowa kuma a gabansa yake zama. Shirin Ed Sullivan na tashar CBS, wanda ya fara a 1948, ya riƙe daren Lahadi da kiɗa da barkwanci da wasannin dabo. Ranar 9 ga Fabrairu 1964, da mawaƙan Beatles suka bayyana a cikinsa, kimanin mutum miliyan 73 ne suka kalla.

Sauyi ya zo ne lokacin da masu talla suka daina tambayar mutum nawa ke kallo, suka koma tambayar su wane ne. 'Yan shekara 18 zuwa 49 mazauna birni su aka ɗauka masu kashe kuɗi, kuma masu saurin sauya kayan da suke saya. Saboda haka a 1971 CBS ta soke shirin Sullivan da wasannin ƙauye irin su Green Acres da Hee Haw, alhali wasunsu ba su rasa jama'a ba. Babban laifinsu shi ne masu kallonsu tsofaffi ne ko mutanen karkara. Da farko matakin ya yi riba. A zangon 1973 zuwa 1974, daren Asabar na CBS ya jera All in the Family da M*A*S*H da shirye-shiryen Mary Tyler Moore da Bob Newhart da Carol Burnett, jerin da masu sharhi ke sakawa cikin mafiya ƙarfi a tarihin talabijin. Sai dai wannan ma'auni shi ne daga baya ya ci daren, domin matasan da ake farauta su ne ba sa zama gida ranar Asabar. A Oktoban 1975 tashar NBC ta sa Saturday Night Live ƙarfe 11:30 na dare, bayan an dawo daga yawo.

Tashoshin kebul da kaset ɗin bidiyo na haya sun ƙara janye jama'a. A 1987 Nielsen ya shigo da na'urar da kowane ɗan gida ke danna maɓallinsa, abin da ya fito da shekarun masu kallo fili. The Golden Girls, wanda NBC ta nuna daga 1985 zuwa 1992, yana cikin manyan shirye-shiryen Asabar na ƙarshe da suka yi tashe. Zuwa tsakiyar shekarun 2000, manyan tashoshi sun bar daren ga maimaici da wasanni.

Lahadi ba ta yi wannan faɗuwa ba, tunda gobenta ranar aiki ce, mutane suna gida. CBS ta zaunar da shirin labarai na 60 Minutes a ƙarfe 7 na yammacin Lahadi tun 1975. A 2006 NBC ta karɓi ƙwallon Amurka na daren Lahadi, wanda ya shafe shekaru a jere yana kan gaba cikin shirye-shiryen dare. Wasa kai-tsaye ba ya jiran a ajiye shi sai gobe, shi ya sa tallarsa ke da tsada.

Kallo ta intanet ya rage wa jadawalin kansa ƙarfi. A Yulin 2022, alƙaluman Nielsen sun nuna cewa lokacin da Amurkawa suka ɓata a dandamali irin su Netflix da YouTube ya zarce na tashoshin kebul a karon farko.