Garwa: Kiɗan Fada da Yawon Bakin Kogi



Duk wanda aiki ko kasuwanci ko aure ya ɗauko daga Duwala ko Yawunde ko Kano ya sauke a Garwa, kukansa na farko ɗaya ne: gari ya yi shiru, ga kuma zafi. Mu da muke zama a zauren dattijo muna karɓar baƙi mun saba da wannan magana. Zafin gaskiya ne, domin a watannin Maris da Afrilu ma'auni yakan haura 40. Shirun ne ba gaskiya ba. Garwa tana da kiɗa, sai dai kiɗanta yana da rana da wuri da dalili, kuma wanda bai san tarihin garin ba yana iya shekara yana wuce shi bai ji ba.

Garin ɗan jihadi ne. Bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙan su, Fulani suka kafa lamidai a ƙasar Fombina, Modibbo Haman Njundi ya kafa tasa a gaɓar Binuwai, tana bin Yola. Mai karatu zai tuna cewa Shehu a littafinsa Kitabul Farƙi ya soki sarakunan Haɓe a kan kaɗe-kaɗen banza, ya bar ganga ga abin da shari'a ta yarda da shi, kamar tara runduna da sanar da tafiyarta. To amma sarauta ba ta zama babu murya. Kafin ƙarni ya juya, fadodin Adamawa sun cika da tambari da kakaki da algaita, kamar yadda suka cika da Galadima da Kaigama da Sarkin Yaƙi da Sarkin Fada, sarautun da aka aro daga ƙasar Hausa da Barno.

A nan ne Bahaushe baƙo yake shan mamaki. Ya iso garin da harshen kasuwa da na unguwa Fillanci ne, sai ranar hawa ya ji maroƙi yana kirari da Hausa. Dalilin a bayyane yake. Kunyar Fulani, wadda suke kira pulaaku, ba ta barin ɗan gida ya ɗaga murya yana roƙo a bainar jama'a, don haka sana'ar ta faɗa hannun wasu, da yawansu Hausawa da Barebari da suka biyo fatake da mahauta da masaƙa. Mahauci kuwa ba ya tafiya babu kalangu. Unguwar Hausare tana nan har yau tana shaidar wannan zuwa. Ba wai Fulani ba su da waƙa ba ne. Suna da waƙoƙin makiyaya, suna da rubutattun waƙoƙin wa'azi na ajami, a wajen Marwa kuma akwai mbooku, waƙar maza da ake rerawa a tsaye babu kayan kiɗa, tana ba da tarihin yaƙe-yaƙe da fari da zuwan Turawa. Amma busar da ke gaban dokin Lamiɗo, tushenta ɗaya da wadda ake ji a Kano da Zazzau.

Jamusawa suka ci garin a 1901, Ingilishi da Faransawa suka ƙwace shi daga hannunsu a watan Yunin 1915, daga bisani ya zauna a rabon Faransa, Yola kuma tana rabon Ingila. An yanka ƙasa biyu, amma ba a yanka kogi ba.

Kogin shi ne ya tsara wa garin lokacin fita. Mu ba mu da lokacin shaƙatawa irin na Turawa. Muna da bazara da damina da kaka da ɗari. Babban hutun makaranta yana faɗowa ne a tsakiyar damina, kuma a da wannan ne lokacin da Binuwai take cika har jiragen ruwa su hauro daga gaɓar tekun Nijeriya, ɗauke da gishiri da siminti da man fetur da yadi, su koma da auduga da gyaɗa. Watanni biyu zuwa uku ne kacal, amma a cikinsu gari yakan cika da 'yan dako da matuƙa da masu abinci, kuma inda kuɗi ya sauka, goge da garaya ba sa nisa. Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya toshe hanyar, layin dogo ya iso Ngaundare a 1974 kaya suka koma bin tudu, sannan aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a 1982, cikar kogin ta zama a hannun masu buɗe ƙofa. Tashar jiragen ta mutu a tsaye. A ganina babu abin da ya rage wa Garwa hayaniya kamar wannan, kuma shirun da baƙo yake ji, rabinsa shirun tashar nan ne.

Abin da kogi ya daina kawowa, rediyo ta ɗauka. Gidan Rediyon Garwa, wanda aka buɗe a ƙarshen shekarun 1950, ya yi suna da shirye-shiryen Hausa da Fillanci, har ana kama shi a cikin Nijeriya ana aiko masa da wasiƙun gaisuwa. Zamanin Ahmadu Ahijo ne, haifaffen garin a 1924, wanda ya mulki Kamaru daga 1960 zuwa 1982 kuma bai manta da mahaifarsa ba wajen gine-gine. A wannan yanayi Ali Baba ya taso, wanda aka haifa a 1956 ya rasu a 2004, ya ɗauki rawa da waƙar Arewa ya ɗora su a kan kayan kiɗan zamani har mutanen Kudu suka san su. Bayansa Isnebo da ƙungiyar Faadah Kawtal suka bi sawu da Fillanci. A rumfunan kaset kuwa, Shata da Ɗan Maraya ba su taɓa zama baƙi ba.

Baƙon da ya tambaye ni ina zai kai iyalinsa, nakan ce ya fara da gada da la'asar, ya ga dorina tana huci a ruwa, masunta na ja da baya. Ranar Lahadi ya tafi kasuwar Pitowa, inda Fali suke saukowa daga wajen duwatsun Tingilin, waɗanda suke a ƙasar tun kafin tuta ta iso, kuma suna da nasu busa da rawa. In ɗari ya shigo hanya ta bushe, ga tafkin Lagdo da kifinsa, ga kwazazzaban Kola kusa da Gidar. Samari za su ce masa filin ƙwallo na Rumde Ajiya, inda 'yan wasan Nijeriya suka buga gasar Afirka a Janairun 2022 garin ya karɓe su kamar 'yan gida. Ba na musu, amma wannan taron mako biyu ne ya watse.

Wanda nake so ya gani shi ne ranar Sallah a ƙofar fada, kuma ya dubi fuskokin masu busa, ba dawakai kaɗai ba. Furfura ta yi yawa a cikinsu. Algaita ba a koyon ta a wata ɗaya. Yaro yakan shekara yana koyon riƙe iska a kumatu yana shaƙa ta hanci kafin a bar shi ya busa a gaban mutane, sannan ya haddace taken kowane basarake, kada ya busa wa Galadima na Kaigama. Yau mai biki yana hayar lasifika da kwamfuta da kuɗin da bai kai abincin makaɗa biyar ba, ɗan mabushi kuma ya lissafa ya ga babur ɗin haya ya fi. Taken nan ba a rubuce suke ba. In baƙo yana da waya mai ɗaukar murya, ya nemi izinin Sarkin makaɗa, ya tambayi sunan kowane take da mai shi, ya rubuta ranar da ya ɗauka.