Daga ɗakin girki zuwa gaban alƙalai: tarihin gasar giyar gida a Amurka

A ranar 14 ga Oktoba 1978, shugaban Amurka Jimmy Carter ya sa hannu kan wata dokar haraji da ta ƙunshi wani ɗan sashe: daga 1 ga Fabrairu 1979, baligi zai iya dafa giyar sha'ir a gidansa, galan 100 a shekara, ko 200 idan baligai biyu ne a gidan, muddin ba zai sayar ba.

Wannan sashe ya rufe wani tsohon giɓi ne. Amurka ta haramta barasa daga 1920 zuwa 1933. Da aka soke haramcin, an bar wa magidanta damar yin giyar inabi, ta sha'ir kuwa ta ci gaba da zama laifi. Shekara 45 masu yin ta suna ɓoyo. Wanda kuwa ke aiki a ɓoye ba shi da mai gyara masa. Idan giyarsa ta yi tsami, ba ya sanin ko yisti ne ya lalace, ko tukunya ce ba ta wanku ba.

Cikin Disamba 1978, Charlie Papazian, malamin makaranta da ya karanta injiniyancin nukiliya, da abokinsa Charlie Matzen suka kafa ƙungiyar American Homebrewers Association a garin Boulder na jihar Kolorado, tare da mujallarta mai suna Zymurgy. A 1979 suka shirya gasar ƙasa ta farko. Giya 34 kacal aka kawo. Bayan wasu shekaru gasar ta koma karɓar dubbai.

Da gasa ta yawaita sai tambaya ta taso: wa ya isa ya yanke hukunci, kuma da wane ma'auni? Ɗanɗanon Malam Wane ba hujja ba ne. Saboda haka a 1985 aka kafa shirin BJCP, mai yi wa alƙalai jarrabawa, wanda daga baya ya fitar da kundin da ke bayyana siffar kowane nau'in giya. Mai shiga gasa yakan aiko da kwalabe marasa tambari, a ba su lamba, alƙali bai san mai su ba. Maki 50 ne: 12 na ƙamshi, 3 na kamanni, 20 na ɗanɗano, 5 na yadda take a baki, 10 na hukuncin ƙarshe.

Abin da ya fi lambar yabo amfani shi ne takardar da alƙali ke cikewa. Idan ya rubuta cewa ya ji warin man shanu, mai giyar ya san ya raba ta da yisti kafin lokaci. Idan ya ce tana warin jiƙaƙƙen kwali, iska ce ta shige ta. Masu rubuta manhajar kwamfuta sun san irin wannan tsari, inda wani ke duba aikinka layi bayan layi ya nuna maka inda ɓarakar take. Ta haka sana'ar da kowa ke lalube shi kaɗai ta samu harshe ɗaya.

Kasuwa ta ji a jikinta. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanonin giya a Amurka ba su kai 100 ba. Ken Grossman, mai shagon kayan dafa giyar gida a garin Chico na Kalifoniya, ya buɗe Sierra Nevada a 1980, wasu da yawa suka bi sawunsa daga ɗakin girki. A shekarun 2020 adadin ya haura 9,000.

Sai dai dokar Carter ta tarayya ce, kowace jiha da tata. A 2010 aka soke gasar giyar gida ta bikin baje kolin jihar Oregon, domin hukuma ta fassara dokar jihar da cewa giyar da aka dafa a gida ba ta fita daga gidan. Sai a 2011 majalisa ta gyara ta. Misisipi da Alabama kuwa ba su halasta dafawar ba sai 2013, shekara 35 bayan sa hannun Carter.