Ƙwarin gwiwar malaman makaranta a Dutsin-Ma da Kurfi

Ƙwarin gwiwar malamai, wato abubuwan da ke sa malami ya riƙi aikinsa da himma, batu ne mai muhimmanci a ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi da ke tsakiyar Jihar Katsina. Masana ilimi kan raba shi gida biyu: na zuci, kamar son koyarwa, neman lada da martabar da sunan "malam" ke da ita a ƙasar Hausa, da na waje, kamar biyan albashi a kan kari, ƙarin girma da tsaro a makarantun ƙauye.

Yawancin malaman firamare suna koyarwa ne da takardar NCE, mafi ƙarancin shaidar malanta a Najeriya, wadda Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, da aka kafa a 1991, take bayarwa. Ta ɓangaren ƙwarin gwiwa na waje, a ranar 5 ga Oktoba, 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da tsarin albashi na musamman ga malamai, sannan wata doka ta 2022 ta ɗaga shekarun ritayarsu zuwa 65, ko shekara 40 na aiki.