Unguwar Tubali, Gidajen Bulo

Sunan unguwar Hausawa ta Yawunde, wato Briqueterie, ma'anarsa a Faransanci wurin yin tubali, domin a nan Jamusawa suka kafa masana'antar tubalin gashi a zamanin mulkinsu. Amma duk wanda ya ratsa lungunan unguwar a yau, galibin katangun da zai gani na bulo ne. Ta yaya wannan baƙo mai rami a ciki ya ƙwace gida?

Asalinsa siminti. A 1824 wani magini ɗan birnin Leeds na Ingila, Joseph Aspdin, ya yi rajistar simintin da ya kira Portland, saboda in ya bushe yana kama da wani dutse da ake haƙowa a tsibirin mai wannan suna. Sai a 1900 wani Ba'amurke, Harmon Palmer, ya yi rajistar injin ƙarfe mai buga bulo da rami a tsakiya. Ramin nan shi ne dabarar duka. Yana rage siminti da yashi, yana rage nauyi har mutum ɗaya ya iya ɗauka, iskar da ke ciki tana ɗan tare zafi, kuma ana iya zura rodi a cika da kankare inda ake son ƙarfi.

Kakanninmu da suka gangaro kudu da fatauci sun baro wani ilimin gini a baya. A Kano da Zariya ana mulmula tubali da hannu, a shanya a rana, a jera shi kai sama, a rufe da azarar giginya, a shafe da makuba. Wannan gini na ƙasar da rani ya fi damina tsawo ne. A Yawunde da Duwala, inda ruwa kan shafe watanni yana zuba, katangar ƙasa na neman gyara kowace shekara, kuma babu Sarkin Magina da zai tara yaransa. Da aka kafa kamfanin Cimencam a 1963, ya buɗe masana'antu a Bonaberi da Figil, siminti ya kusanto, maƙeran gari kuma suka koyi ƙera akwatin buga bulo na hannu.

A ganina, abin da ya ba bulo nasara a wurinmu ya wuce juriyar ruwa. Bulo yana jira. Mahauci ko ɗan tireda kan sayi buhu biyu in kasuwa ta yi kyau, a buga masa, ya jibge a fili. Bayan wata uku ya ƙara. Tulin bulon nan asusu ne wanda ɗan'uwa ba ya iya cewa a ranta masa. Ga baƙo kuma, katangar siminti shaida ce cewa ya zo zama, ba zangon kwana biyu ya yada ba.

Sai dai sauƙin bugawar ya buɗe ƙofar ha'inci. Buhun siminti kilo 50 ne, amma yawan bulon da za a fitar daga cikinsa yana hannun mai bugawa, kuma kowane ƙari yashi ne. Siminti kuwa da ruwa yake ƙarfi, shi ya sa ake so a riƙa shayar da sabon bulo har kimanin kwana 7, ƙarfinsa kuma bai cika sai wajen kwana 28. Mai gaggawa yakan loda shi a mota tun yana ɗanye. A da, magini sananne ne a unguwa, in soro ya tsage an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Yanzu mai bugawa daban, mai ɗauko kaya daban, birkila daban. Abin da ya rage wa mai gida shi ne ya murza gefen bulon da yatsa, ko ya ɗaga ɗaya zuwa ƙugu ya saki, ya ga ko zai tashi da ransa kafin ya ɗora bene a kansa.