Haruffa Biyu da Sharaɗin Zama: Yadda 'Yan Birtaniya Suka Rasa Adireshinsu na .eu

Da wayewar garin 1 ga Janairun 2021, shafukan intanet sama da 80,000 masu ƙarewa da .eu suka daina aiki, haka kuma saƙonnin imel da ake aikawa ta adireshin suka daina isa. Ba kutse aka yi musu ba, ba kuma kuɗin rajista suka gaza biya ba. Masu su mazauna Birtaniya ne, kuma a daren da ya gabata wa'adin riƙon ƙwarya na ficewar ƙasar daga Tarayyar Turai ya cika. Sharaɗin da suka cika a jiya, yau sun wayi gari ba su cika shi ba.

Tushen lamarin yana cikin shekarun 1980, lokacin da wani masanin kwamfuta na Jami'ar Kudancin Kaliforniya, Jon Postel, yake kula da rabon sunayen intanet kusan shi kaɗai. Da aka zo ware wa ƙasashe nasu sunayen, sai ya kauce wa rigimar tantance wace ce ƙasa, wace ce ba ƙasa ba, ya jingina da jerin lambobin ƙasashe mai suna ISO 3166, wanda ya ba kowace ƙasa haruffa biyu. A 1985 aka fitar da .us da .uk da .il. Birtaniya tun a lokacin ta ɗan bauɗe, domin a jerin GB ce lambarta, amma .uk ta riƙe. A wata takarda da ya fitar a Maris ɗin 1994, Postel ya shimfiɗa cewa mai kula da sunan ƙasa ɗan amana ne, kuma dole jami'in gudanarwarsa ya kasance mazaunin ƙasar. Sai dai batun wanda za a sayar wa adireshi ya bar shi a hannun kowace ƙasa.

Daga nan hanya ta rabu. Wasu ƙananan ƙasashe suka mayar da haruffansu haja: Tubalu ta ba da hayar .tv ga kasuwar duniya, tsibirin Angwila kuma yana cin gajiyar .ai tun da harkar ƙirƙirarriyar basira ta bunƙasa. Wasu kuwa suka kafa shinge. Kanada tana neman mai rajistar .ca ya zama ɗan ƙasa, ko mazaunin dindindin, ko kamfanin da aka kafa a can, ko mai alamar kasuwanci da aka yi wa rajista a ƙasar. Ostareliya tana neman irin wannan alaƙa, galibi ta lambar rajistar kasuwanci. Nijeriya ta tsaya a tsakiya: .ng da .com.ng a buɗe suke, amma .gov.ng da .edu.ng sai da takardun shaida. Hujjar masu shinge ba ta rasa ƙarfi ba: mai saye ya san wanda yake hulɗa da shi yana inda kotun ƙasar za ta iya kai masa sammaci.

Tarayyar Turai ba ƙasa ba ce, amma ta so nata haruffan. Dokar da ta kafa .eu ta fito a 2002, aka damƙa gudanarwa ga wata ƙungiya mai suna EURid da ke Beljiyam, aka buɗe wa jama'a rajista a Afrilun 2006. Sharaɗin shi ne zama ko kafa kamfani a cikin Tarayyar. A lokacin ba wanda ya damu da abin da zai faru idan ƙasa ta fice, domin ba a taɓa ganin haka ba.

Bayan ƙuri'ar raba gardama ta Yunin 2016, Hukumar Tarayyar Turai ta sanar a Maris ɗin 2018 cewa mazauna Birtaniya za su rasa cancantarsu. A lokacin suna riƙe da adireshi fiye da 300,000. Matakin ya sha suka, saboda al'adar intanet ita ce a bar wa tsohon mai adireshi abinsa ko da dokoki sun sauya; .su ta Tarayyar Sobiyet ma tana nan da rai, shekaru sama da talatin bayan rushewar ƙasar. Sassaucin da aka samu ɗaya ne: daga Oktoban 2019 ɗan ƙasar Tarayyar zai iya riƙe .eu ko ina yake zaune, don haka Bafaranshe mazaunin Landan ya tsira, maƙwabcinsa Baturen Ingila kuwa bai tsira ba.

Masu hali sun nemi mafita, suka mayar da rajistarsu reshen kamfaninsu a Dabilin ko Amsatadam. Abin dariya a ciki shi ne ƙungiyar Leave.EU, wadda ta yi ta fafutukar ficewar, ita ma sai da ta kwashe rajistarta zuwa Ayalan don kada ta rasa sunanta. Ƙaramin ɗan kasuwa da ba shi da reshe a waje shi ya ji jiki: katin kasuwanci, rubutun jikin mota, adireshin imel da abokan ciniki suka saba da shi shekara goma, duk sai an sake.

An ba waɗanda aka dakatar wa'adi zuwa ƙarshen Yunin 2021 su kawo shaidar zama a cikin Tarayyar ko ta zama ɗan ƙasarta. Waɗanda suka kasa, an janye sunayensu. A ranar 3 ga Janairun 2022 aka saki kimanin 48,000 daga ciki zuwa kasuwa, duk mai cancantar da ya riga zuwa shi ke da su.